Sunan Ruwan Kaska

A shekarun da nake jagorantar ƙaramin ayarin malaman gona da na dabbobi tsakanin Karaye da Rogo, ban taɓa zaton kalma abin tsoro ce ba. Kowannenmu da bakinsa. Ruwan da ake wanke shanu da shi don kashe kaska, ni maganin wanka nake ce masa, wata abokiyar aikinmu tana cewa ruwan kaska, mai yi mana Fulatanci kuwa magani kawai yake cewa, yadda ake faɗar na ciwon ciki.

Wata safiya da damina wani dattijo makiyayi ya kira ni daga wajen garin Fulatan. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya ɗura wa bijiminsa maganin kaskar nan da muka raba, ga shi yana dalalar miyau, jikinsa na rawa. Sannan ya ƙara, kamar ba komai ba, wai matar ɗansa ta ɗebi kaɗan a kwalba saboda jikarsa mai tsutsar ciki.

"Baba, ta ba ta?"

"Ban sani ba, malam. Ina daji."

Wayar ta katse. Na yi ta kira, ba ta shiga. Na hau babur. Hanya duk taɓo, rafi ya kawo, sai da na tura babur ɗin ruwa har gwiwa. Salati kawai nake yi, ina hango fuskar yarinyar da ban taɓa gani ba. Da na isa rugar na tarar da ita tana wasa da ƙasa a bakin bukka. Uwar ta ce jira take yarinyar ta ci abinci tukuna kafin ta ba ta. Na karɓi kwalbar. Bijimin bai kai la'asar ba.

Kashegari na tara ayarin a Karaye. Ba wanda ya ɗora wa wani laifi, duk jikinmu ya yi sanyi. Muka yarda kowane abu ya zama da suna ɗaya, da Hausa da Fulatanci, a wuri guda da kowa zai duba. Wurin ne ya gagara. Wani ya ce a riƙa tura kalmomin a zauren hirarmu na waya, amma can gaisuwar Juma'a da sanarwar suna sukan binne komai. Wani ya kawo wata manhaja mai ƙyalƙyali da ke kan intanet. Abokiyar aikinmu ta ce a buga a takarda, sai dai in an gyara kalma, tsohuwar takardar tana nan a aljihun wani.

Ni aka bar wa zaɓi. Duk hanyar da na ɗauka, sai in hango inda za ta kashe mutum. Ƙarshe na tafi Kurugu, inda sabis ke wuya, na zauna a inuwar ɗorawa na gwada manhajoji. Mai ƙyalƙyalin ta ƙi buɗewa. Wata marar ado, wadda ke ajiye kalmomin a cikin wayar kanta, ta buɗe, kuma tana ɗaukar murya, mutum zai ji yadda ake furta kalmar Fulatanci. Ita na zaɓa, da sharaɗin mutum biyu kaɗai ke da ikon gyara, kuma duk abin da ba a sha, sunansa ya fara da kalmar guba.

Tsoron bai bar ni ba. Da kaka, a Yammedi, muka gano abin da muke kira ƙwayar adana wake, wadda ake sawa a buhu don kashe ƙwari, mata suna jin sa kamar ƙwayar asibiti. Na dakatar da rabon nan take. Muka bi gida gida muna tambayar matan yadda su suke kiran ta, kafin na yarda a sa komai a gurbin sunanta a manhajar.