Sharar Lawali ta bana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita ofis Inna ta kira daga Gummi, ta ce Lawali ya rasu.

Na ce wane Lawalin, don a danginmu kusan kowane gida akwai ɗaya. Ta ce, "Naki."

Ɗan Goggo ne, ƙanwar Baba, wato taubashina. Ciwon ciki ya kama shi a Anka, aka ɗauko shi za a kai Gusau, bai kai ba. Iyakar abin da na sani ke nan, don Allah kada a cika min inbox da tambaya.

'Yan guruf ɗinmu na dangi sun san yadda muke. Tunda na shiga jami'a bai sake kiran sunana ba, sai Farfesa. Ni kuma Bawa nake ce masa, tunda ɗan mace ne. Duk shekara in watan cika-ciki ya kama, zai taso har Sakkwato karɓar kuɗin shararsa, ya miƙe ƙafa a falona, ya ce shayina ba sukari.

Shi ya ɗaura akwatina a bayan babur ranar da zan fara tafiya makaranta. Da motata ta taɓa mutuwa tsakanin Gummi da Bukkuyum, shi ya zo da igiya. Sai da ya gama dariya sannan ya ɗaura.

Bana ya ce ba kuɗi yake so ba. Gem na wasa yake so, irin na hannun nan da samari ke yawo da shi muna makaranta, wanda an daɗe da daina yin sa.

Don Saratu ne, babbar 'yarsa.

Tana rarrafe lokacin da yake zaune a Bagega, shekarun da ake niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. Gubar dalma ta taɓa ta. Ta rayu, sa'o'inta da dama ba su rayu ba. Yanzu budurwa ce, maganarta kaɗan, hannun hagu na rawa, abu na suɓuce mata. Ƙannenta su tafi makaranta su bar ta zaune a tsakar gida. Wata rana suna layin asibiti wani mutum ya ara mata irin gem ɗin, har aka kira sunansu ba ta ɗago kai ba. Lawali ya ce bai taɓa ganin ta nutsu a kan wani abu haka ba. Waya ba ta yi mata, yatsa na zamewa a kan gilashi. Abu mai maɓalli take buƙata.

Matsalar ita ce gem ɗin ba iri ɗaya ba ne. Akwai na farko, mai kauri da nauyi, wanda in ya faɗi a ɗauka a ci gaba. Akwai siririn da ya biyo bayansa, marar nauyi, sikirinsa ya fi haske, amma ba ya son faɗuwa. Akwai ma wani ƙarami mai zugewa, shi Lawali ya sallame shi tun ranar farko, wai maɓallansa awa ƙwayar gero.

Mai nauyin zai gajiyar da hannunta. Marar nauyin ba zai daɗe a hannunta ba. Kuma Lawali ya rantse ba zai ba ta abin da za ta so sannan ya fashe a gabanta ba.

Ni na ce a sayi ɗaya a gwada. Shi ya kwashe watanni yana turo min voice note. Mutumin da ya sayi babur bai ko hau ya gwada ba.

Ya sa na je shagon masu sayar da na hannu na samo masa tsawo da faɗi da nauyin kowanne. Ya kai wa kafinta aka sassaƙa masa katako biyu. Ya aro sikelin masu zinari, yana aunawa yana buga ƙusa har nauyin kowanne ya yi daidai da na gasken. Na ce ashe dai sikelin nan zai yi rana a gidanka. Wannan ce zolayar da bai rama ba.

Ganinmu na ƙarshe a wani suna ne a Bukkuyum. Ya aika a kira ni ƙofar zaure, ya zaro katakan daga aljihu kamar zai nuna min layu.

"Farhesa, an ƙare bincike."

"A wace mujalla za a buga?"

"Mai ƙibar za ki sawo. Ni ina ta hama da nauyi, ashe ita ba ta ɗaga shi. Bisa cinya take aje shi ta danna. Wanga siririn kau zamewa yake yi."

Na ce da ka miƙa wa yarinyar tun farko ai da ka hutar da sikeli.

"Shi ya sa ke ce mai digiri," in ji shi. "Ni bawa ne."

Na saya a satin. Na kira shi na ce zan ba direban Anka ya kawo. Ya ƙi.

"Ba ni amsar kyauta ga mace mai albashi. Shara ce, haƙƙina ne. Ran cika-ciki in zo in amsa da hannuna, in kai mata in ce ƙwato shi na yi."

Na ce yarinya na jira. Ya ce yarinya ba ta ma san da zancen ba, shi ne mai jiran, kuma ya iya.

Watan bai kama ba tukuna. Gem ɗin na cikin durowata.

Bayan Inna ta kashe waya na zauna ina kallon sa. In na ce na Lawali ne, ya shiga gado tare da babur da gona, kafin magariba yana hannun ƙannen Saratu maza. In na kai shi da sunan kyauta, gidan da su Saratu za su koma yanzu na Baba Malam ne, mahaifin Lawali, gidan allo da tawada, inda ko ludo ba ya kwana. Na taɓa tambayar Lawali yadda zai yi da wannan, ya ce in bar shi da tsoho.

Na kira Baba Malam na yi masa ta'aziyya. Ban tayar da zancen ba, ba ranarsa ba ce. Har zan ajiye ya ce:

"Abin nan da kunka daɗe kuna shawara kai, ya shiga hannunshi?"

Na ce a'a, Baba.

"To ba gado ba ne. Naki ne, ki ba wadda kika ga dama." Sai ya ƙara da cewa, "Ki cika mishi wuta kahin ki taho. Nan ba mu da ita."

Na jona shi a caji. Gobe da safe zan kama hanyar Anka.

Allah Ya jiƙan Lawali, Ya yafe masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Goggo da Baba Malam da iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta har nan, ya yi masa addu'a, ya haɗa da Saratu. Inna ta ce an faɗa mata, amma har yanzu ba a san ko ta gane ba.