Jirgin da Baba ya auna da zama

Har yau in warin fetur ya gauraya da iskar teku ya bugi hancina, sai in tuna ranar da Baba ya ba mu kunya a bakin ruwan Abhur. Kunya muka ɗauke ta a lokacin, ka san yarinta.

A unguwar Waziriyya muke, gida ɗaya da Baffa, ƙanen Baba. Sun daɗe suna gyaran injuna tare, har Allah ya hore musu sayen ɗan lanci, wato ƙaramin jirgin ruwa mai inji, don fita da iyali ran Juma'a. Sai dai akwai Kaka. Tun da ta ƙetaro teku daga tashar Sawakin zuwa ƙasa mai tsarki da ƙuruciyarta, cikin jirgin katako maƙil da alhazai, ba ta ƙara kallon teku ba. A wannan tafiyar zazzaɓi ya ɗauke ɗanta na fari, aka sa shi a ruwa. Ko a mota muka bi ta bakin teku, juya fuska take yi. Baba kuwa ya rantse ba zai fita shan iska ya bar uwarsa a ɗaki ba.

Dillali ya nuna mana guda biyu. Ɗaya fari fat, siriri, kana gani ka san zai yi gudu. Baffa na ɗora ido a kai ya ce, "Yaya, halas, magana ta ƙare, wannan ne!" Ɗayan tsoho ne mai zurfin ciki kamar ƙwarya, fenti ya koɗe, injinsa sai ya yi tari uku kafin ya tashi.

Baba, wanda inji ne sana'arsa, ko kallon injin bai yi ba. Ya tuɓe takalmi, ya shiga farin, ya zauna dirshan a ƙasa, ya ranƙwafa har ya koma tsawon Kaka, ya waiga dama da hagu. Ya fito ya yi haka a tsohon. Dillali ya tuntsire da dariya: "Ya Hajji, ga kujera nan fa!" Ni da yayata kamar ƙasa ta tsage mu shige.

"Wannan za mu ɗauka," in ji Baba. "In Inna ta zauna a nan, sama kaɗai za ta gani."

Baffa ya yi ta mita har gida, amma shi ya kwance injin nan ya mai da shi sabo.

Sai a Juma'a ta uku Kaka ta yarda. Ido a rufe ta shiga, carbi a hannu, ta zauna kan tabarma a ƙasan jirgin. Da muka yi nisa Baba ya kashe inji. Can sai muka ji ta ce, "Ɗaga ni."

"Inna, ruwa ne fa ko'ina."

"Na sani. Shekara nawa ban gai da yayanka ba?"

Ya riƙe ta, ta miƙe, ta fuskanci yamma, wajen Sawakin, ta ɗaga hannu. Wallahi ban taɓa ganin mutum mai girma kamar Baba a ranar ba, yana tsaye yana tallafe da ita, hawaye na bin gemunsa.

Yanzu Abhur ta cika da gine-gine da jirage masu ƙyalli, namu kuwa ya daɗe da ruɓewa. Kwanan baya ɗana ya nuna mini hotunan wasu a waya, yana yabon gudunsu. Kabarin Kaka a cikin gari yake, na Baba ma haka, maza suna kai musu ziyara. Wancan yaron kuwa sai da jirgi ake zuwa wurinsa, kuma tun rasuwar Baba ba wanda ya je.