Hular da Ta Sauka a Haɓa

A ofishinmu na Winnipeg, inda muke haɗa wa yara wasannin kwamfuta, har yau in aka ce "hula" sai kowa ya saci kallon Noreen Sawchuk.

Shekara ashirin ta yi tana koyar da lissafi kafin ta zo mana. Aikin farko da aka ba ta ba wani mai wuya ba ne: yaro ya zana kai, kwamfuta ta lalubo ƙololuwar layin, ta ɗora masa hula. Ranar gwaji Russ, shugaban sashenmu, ya zana ƙaton kai kamar dankali, ya danna. Sai ga hula ta manne a ƙarƙashin haɓa, kai ka ce gemu. A allon aji lamba sama take hawa, a fuskar kwamfuta kuwa daga sama ake fara ƙirge a gangaro. Duk mun sani, ba wanda ya tuna ya gaya mata.

Muka yi dariya har Russ ya ƙware da kofi. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Malama, huta. Mu sa kowane zane cikin akwatin da ba a gani, mu ɗora hular a kan akwatin. Kowa haka yake yi."

"Yaron da ya zana kai a karkace fa? Hularsa ta tsaya a iska?"

"Ɗan shekara biyar ne, ina zai lura?"

"Kai ne dai ba za ka lura ba, Russ."

Ya ce ya ba ta zuwa Juma'a. In abin ya faskara, a karɓe aikin a ba wani, ita ta koma gwajin maɓallai. Ta ce ta ji.

Kwana uku ba wanda ya tsira. Ko ruwa ka taso sha, sai ta tare ka: "Zo, zana mini kai, mummuna nake so." Dabararta ita ce ta miƙa layi daga tsakiyar zanen zuwa sama, ta raba shi biyu, ta tambaya nan ciki ne ko waje, ta sake rabawa, har sai ta taka bakin zanen.

Ranar Juma'a Russ ya zage ya zana kai mai doro, ga wani rami a tsakiya. Ya danna. Hula ta zauna daram cikin ramin, har da ɗan karkace irin na 'yan gayu. Ya kalla, ya sake kallo, ya ce yana da taro.

Shekara shida ke nan. Shekaranjiya da muka tashi daga aiki, sanyi na yanka kunne, na gan ta tana laluben aljihu.

"Malama, hula kike nema? Duba haɓarki."

Ko juyowa ba ta yi ba.

"Je ka duba hoton ranar gwajin farko, sarkin surutu. A bakin layi hular ta zauna, ko ɗigo ɗaya ba ta kauce ba. Kwamfutarku ce ke tsaye a kan kanta, ni ƙalau nake."