Tukunyar Gazuwal da Wankan Jegon Matata

Shekarun baya, lokacin da matata ta haifi ɗanmu na fari, muna haya a wani ɗan gida a Dakoro, ɗaki biyu da tsakar gidan da ba ta wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Haihuwar ta faɗo cikin ɗari, itace kuwa sai an sha wuya ake samunsa.

Ina da aboki makanike da ya yi zama a Aljeriya. Ya ce can ya ga tukunya mai cin gazuwal, wato man dizal, ita ke ɗumama ɗaki, ita ke ba da ruwan zafi a famfo. Da rabin tano, wato duro, da tiyo ya haɗa mini ƙaramarta, muka kafa a waje jikin bangon bayi. In ka kunna, kafin ka gama alwala ruwa ya yi zafi. Kwana biyu ina kiran maƙwabta su zo kallo, kai ka ce ni na ƙera.

Matata marainiya ce, don haka mahaifiyata ce ta taso daga ƙauyenmu kusa da Bader Goula don wankan jego. Ta sauko daga motar kasuwa da ƙatuwar tukunyarta da ƙullin kanwa. Na tarbe ta da alfahari.

"Inna, kin huta. Ba hura wuta, ba hayaƙi."

Ta tara hannu a famfon, ta ce, "To, madalla."

Rana ta huɗu na dawo daga lakkwal ɗin da nake koyarwa, na tarar ta ɗaure kayanta. Na ce lafiya? Ta ce lafiya lau, awakinta ne ba mai kula da su, ruwa kuma ga shi yana zuwa da kansa, yarinyar nan ai ta iya murɗa famfo.

Na shiga ɗaki na iske matata tana share hawaye. Ta ce Inna wuni take zaune, ta rasa abin kamawa, har ta fara cewa ta zama nauyi.

"Malam, in ta tafi, wa gare ni?"

Washegari da safe na ce wa Inna gazuwal ya ƙare, kuma babu a gari. Na je na yi ta yawo har na samo amalanken itace. Kafin in gama saukewa ta kwance kayanta, ta kafa murhu, tana ta yi mini faɗa wai ɗanye na kwaso kamar ba a ƙauye aka haife ni ba. Ta yi arba'in ɗinta cif. Hayaƙi ya cika gidan, rigunana duk suka ɗauki ƙauri, amma safe da yamma ina jiyo su biyun suna hira a bakin wuta, har da dariya.

Sai bayan rasuwar Inna matata ta gaya mini cewa a safiyar da na ce ya ƙare, Inna ta ɗaga bidon da nake zuba gazuwal ɗin, ta ji shi cike. Ta ajiye, ta ce mata, "Ki yi shiru, kada ki ba shi kunya."

Na daɗe ina ganin ni na yi mata dabara, ashe ita ta rufa mini asiri. Har yau, in na ga tsoho yana fama da wani aiki, nakan tsaya in tambaye shi tukuna kafin in karɓe masa. Wani aikin, da shi mutum ke sanin ana bukatarsa. Allah ya jiƙan Inna.