Kabarin da Suweiba Ta Gani a Ƙasan Teku

A Nima ta Accra aka haifi Suweiba, ga teku kusa, amma ko ƙafa ba ta taɓa tsomawa ba. Da ta zo New York ta kama ɗaki a unguwar Morris Heights, tana aikin jinyar tsofaffi a gidajensu. Mu maƙwabtanta mun san ta da tsiwa, in ka taka ta har tashar jirgi za ta raka ka da baki.

Abu ɗaya ke kashe mata baki, ƙanenta Tamimu. Ya hau kwalekwale daga Libiya zai tsallaka Turai, shiru kake ji. Mahaifiyarsu ta hana zaman makoki, ta hana sadaka, wai ba a yi wa wanda ba a ga gawarsa ba. Matarsa Hasiya tana zaune, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba.

Tsohuwar da Suweiba ke jinya a lokacin Baturiya ce, ta makance. Ubanta sojan ruwa ne, jirginsu mai tafiya a ƙarƙashin teku ya nutse tun Yaƙin Duniya na Biyu. Rannan sai ga wani mutum da kwamfuta, ya ce sun gano jirgin, sun zura mutum-mutumi mai fitila ya ɗauko hotonsa. Tsohuwa ta ce Suweiba ta zame mata ido.

Suweiba tana kallo tana faɗa mata: ga duhu, ga ƙarfe duk tsatsa kwance kamar tankar mai da ta faɗi, ga ƙofa a rufe. Tsohuwa ta tambaya ko za a buɗe. Ya ce a'a, kabari ne, ba a taɓawa. Ta sha kuka, amma ranar ta cinye abincinta tas.

A bakin ƙofa Suweiba ta tare mutumin, ta tambaye shi ko na'urar za ta iya nemo kwalekwale. Ya ce na ƙarfe? Ta ce na roba. A ina ya nutse? Ba ta sani ba. Ya sunkuyar da kai ya ba ta haƙuri.

Duk da haka ta kira gida, a gabana, ta kwashe labarin ta faɗa.

"Mma, teku ma kabari ne. Ki bari a yi sadakar, Hasiya ta huta."

Mahaifiyar ta ce, "Ai sai da suka gani suka ce kabari. Su da suka jira shekara saba'in, ni nawa na yi?"

Ban taɓa jin tausayin Suweiba kamar ranar ba. Ta ajiye wayar.