Taɓon da Yaya Bukar ya shafa a ƙafa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba a kan mamaci. Amma bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Bukar, masunci a Nguru, kuma akwai abin da ya hana ni sukuni.

Shi da 'yan'uwansa masunta suna yankan kacalla ne, ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa, lauje ya kama shi a dunduniya. Ya yi yadda masunta suka saba: ya ɗebi taɓo ya toshe wurin, ya ci gaba da aiki. Jini ya tsaya, miki ya rufe, kowa ya manta. Bayan kamar mako guda, sai ya kasa buɗe baki ya sha kunu. Aka ce mutanen ruwa ne, aka yi ta hayaƙi. Da bayansa ya fara lanƙwashewa kamar baka, muka kai shi asibiti a Gashuwa. Can aka ce tatanas ne, ta wannan yankan ya shiga. Ko ƙofa aka buga, sai jikinsa duka ya sandare. Abin da ban iya mantawa ba shi ne yana cikin hayyacinsa. Yana kallona, haƙora a sarƙe. Allah ya jiƙansa.

Yau ɗansa Modu ne ke tuƙa kwalekwalen uban, yana da mata da 'ya'ya biyu. Ya gaji hannun ubansa da dariyarsa, ya kuma gaji taɓon. Kwanan baya na ga busasshiyar laka a kan wani yanka a ɗan yatsansa, na ce mu je a yi masa allurar rigakafin tatanas.

Ya ce, "Haba Baffa, kai ko sauro ya ciji mutum sai ka nemo mota! An yi min tun ina goye."

Da Yaya na nan, wataƙila shi ma dariyar zai yi min. Ko kuwa shi zai ja shi da kansa? Ban sani ba.

Na tambayi mutum biyu. Ɗaya ya ce ta yarinta ta isa, ɗaya ya ce sai an sabunta. Don Allah, in akwai ma'aikacin lafiya cikin masu karatu, ya rubuto wa jaridar nan amsa da Hausa mai sauƙi, wadda zan karanta wa Modu. An kusa fara yankan kacalla, kuma ya riga ya wasa laujensa.