Na Ɗauki Furanni, Na Bar Fuskar Abokina

Shekarun baya, tun kafin waya ta mai da kowa mai hoto, ni direba ne a wani gida a Nassarawa GRA. Labarin nan na samarin da ke damuna ne da tambayar wace kyamara za su saya, kamar sun samu wani farfesa. Ni aji uku na yi a firamare, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. Abin da na sani a kan haske ba a aji na koya ba, kuma ba na fatan kowa ya koye shi ta hanyar da na bi.

Alhajin da nake yi wa tuƙi mai yawan tafiya ne. In ya tafi, sai mota ta zauna, ni ma in zauna. A wannan zaman ne na fara kwaɗayin sana'ar hoto, don na ga yadda ake yi da masu hoto a wajen suna da biki: ana kiran su ta ko'ina, ana gyara hula da ɗankwali saboda su, ga shinkafa ta musamman. Sai na sayar da kekena, na nufi Sabon Gari wurin masu kayan gwanjo.

Mai shagon ya ajiye mini guda biyu. Ɗaya 'yar ƙarama kamar sabulun wanka, da filasha a jikinta. Ɗaya kuma ƙatuwa, mai dogon hanci, duk jikinta lambobi da maɓallai, amma ba ta da filasha sai an saya daban.

Ya ce, "Malam, kana karanta Turanci?"

Na ce, "Ina taɓawa." Iyakar taɓawar tawa kuwa allon kan titi ne.

Ya ce, "Ɗauki ƙaramar. Ita za ta yi maka komai. Babbar nan sai wanda ya san ta."

Na ce, "Wannan ai ta 'yan makaranta ce. Wa zai kira ni biki da sabulu a wuya?"

Mutumin kirki ne, ya sake faɗa har sau biyu. Da ya ga na kafe, sai ya juya wani maɓalli ya tsayar a kan harafin A, ya ce kada in taɓa, kyamarar za ta riƙa auna haske da kanta. Ya haɗa mini da littafin bayaninta. Littafin nan ya yi mini amfani sosai, don da shi na tokare ƙafar gadona.

Abin da ya ƙara lalata ni shi ne hotunan farko sun yi kyau. Duk a waje na ɗauke su, da hantsi, rana tana bayana. Kyamara ta yi aikinta, ni na karɓi yabon. Na fara tafiya ina buɗa kafaɗa.

To, a gidan akwai abokina, kukun gidan. Kirista ne daga wani ƙauye can bayan Zariya. Ɗakunanmu a bayan gida suke, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ni Bakano, shi Bazazzagi, kun san abin da ke tsakani. Kullum da safe gaisuwarmu ke nan: "Bawana, ka tashi?" Ɗayan ya ce, "Ubangidanka ya tashi." Shi yake ɓoye mini tsokar nama a ƙarƙashin shinkafa, ni kuma in zan kai mota gareji ran Lahadi sai in bi da shi ta bakin coci. Matarsa da 'yarsa suna ƙauye, yarinyar ko shekara biyu ba ta kai ba. Na sha cewa ya tsaya in ɗauke shi, yana cewa, "Allah Ya kiyaye. Bakano ya samu hotona, ai gobe in gan shi a kasuwa an kasa." Ashe a duniya ba shi da hoto ko ɗaya. Ban sani ba a lokacin.

Sai ciwo ya kama shi. Idanu suka yi ɗorawa, ciki ya kumbura, sauran jikin ya zube. Hajiya, matar Alhaji, ta sa na kai shi asibiti har sau uku. A na ukun likita ya daɗe da shi a ciki. Muka dawo gida ba wanda ya tsokani wani.

Wata Lahadi wajen azahar na ji ya buga bango. Na shiga, na same shi zaune a bakin gado cikin farin kaftaninsa na zuwa coci, an sha guga, rigar tana lilo a jikinsa kamar ta aro.

Ya ce, "Bawana, ɗauko hancin nan naka."

Na ce, "Yau kuma? Ba ka tsoron in kasa ka a kasuwa?"

Ya ce, "Wa zai saya yanzu?" Ya yi 'yar dariya, tari ya tare ta. Da ya lafa sai ya ce, "Yarinyar nan ba za ta tuna ni ba. Ina so ta san fuskata. Ka yi mini mai kyau."

Na ce masa ya daina irin wannan magana, kamar yadda ake cewa. Na ce mu fita waje. Ya ce a'a, ƙafafunsa ba za su kai shi ba, kuma ba ya son masu gadi da mai ban ruwan fulawa su taru suna kallonsa da tausayi. Na duba ɗakin. Ɓangare ɗaya kwalaben magani ne da bokiti da bangon da hayaƙin risho ya cinye. Ɗaya ɓangaren taga ce, bayanta kuma jajayen furannin da suka hau katangar gidan, da reshen mangwaro.

Ya ce, "Sa ni a bakin taga. Furannin nan su fito. Mutanen ƙauyenmu su ga a GRA na zauna, ba a bola ba."

Ni kuma a ƙwaƙwalwata ta aji uku, inda haske ya fi yawa nan hoto zai fi kyau. Na ja kujera, na zaunar da shi, bayansa ga taga. Na yaye labule gaba ɗaya. Na leƙa ta kyamara na gan shi sarai, don idon mutum yana gyara wa kansa abin da na'ura ba ta gyarawa. Ya miƙe wuya, ya ɗora hannu a gwiwa, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya yi murmushi. Na danna. Sau ɗaya.

Sau ɗaya, saboda haka muke yi. Fim ɗaya hoto talatin da shida ne, kowa rabonsa ɗaya, ba a maimaitawa. Kuma ba a kai fim wanki sai ya cika. Nasa shi ne na huɗu a sabon fim.

Bayan kwana uku ya ce, "Ina hotona?" Na ce fim bai ƙare ba. Bayan mako ya sake tambaya. Na ce akwai suna a Hotoro ran Asabar, a can zan cike shi. Sunan aka ɗaga. Bai ƙara tambaya ba. A mako na uku ƙaninsa ya zo ya tafi da shi gida. Ni na kai su tasha. Da aka shigar da shi mota ya leƙo ya ce, "Bawana, in an wanke ka aiko." Na ce, "Ubangidanka ya ji."

Kwana tara bayan nan, ina wanke mota da safe, na ga ƙanin a bakin get. Tun kafin ya yi magana na ajiye tsumma.

Ya ce, "Malam Direba, yaya ya tafi jiya. Jibi za a binne. Ya ce hotonsa yana wurinka."

Sai a ranar na san al'adarsu. Su ana sa hoton mamaci a firam, a riƙe shi a gaban akwati har kabari, a dawo da shi a rataye a ɗaki. Mutumin nan bai tsaya an gama zaman makoki ba, ya shigo mota tun asuba saboda hoto ɗaya.

Na naɗe fim ɗin yadda yake, mafi yawansa babu komai, muka tafi wurin wankin hoto. Muka zauna a benci. Ina ta ba shi labarin yadda yayansa ya yi kyau ranar, da guga, da murmushi. Bakina ne ya ƙi yin shiru.

Mai wankin ya fito da ambulan, ya yafuto ni gefe. Ya ce, "Wa ya ɗauki wannan?"

Na karɓa. Taga ta fito tas. Furannin nan kamar ka sa hannu ka tsinka, har jijiyar ganyen mangwaro ana gani. A tsakiya kuma wani baƙin abu ne zaune a kan kujera, mai siffar mutum. Kai, wuya, kafaɗu. Ba ido, ba hanci, ba baki. Farin kaftanin ma ya koma toka-toka.

Na ce, "Wankin ne bai yi ba. A sake."

Bai yi fushi ba. Ya ɗaga fim ɗin sama ya nuna mini wurin fuskar, fayau kamar gilashi. Ya ce, "Baba, ba abin da zan ciro, don ba abin da ya shiga. Kyamara ba ta san wa kake so ba, abin da ya fi haske take bi. Ta ga taga, ta ga farar riga, sai ta runtse ido. Da ka juya shi ya fuskanci tagar, ko da ka kunna filasha, da shi ke nan."

Na ce, "Ba ta da filasha."

Ya dubi ƙatuwar kyamarar da ke wuyana. Ya koma ciki ya gwada har kala uku. A na ƙarshe furannin sun ƙone fari fat, kunne ɗaya ya ɗan fito. Iyakar abin da aka samu ke nan.

Ƙanin ya karɓa, ya daɗe yana kallo. Na so ya zage ni, ko ya mare ni. Sai ya ce, "Ba wani?" Na ce babu. Ya ce, "To." Ya sa a aljihun gaba, ya yi mini godiya. Godiyar nan har yau ban manta da ita ba.

Na roƙi Hajiya ta bar ni in bi shi ƙauyen. A wajen binnewar wani dattijo ne ya riƙe firam ɗin a gaba, mutane suna leƙawa suna kawar da kai. Matarsa ta karɓa bayan an dawo, ta goge gilashin da bakin zaninta, tana zaton ƙura ce. Ta sake gogewa. Sai ta ce, ba da ni take ba, "Kafaɗarsa ce dai." Yarinyar tana goye a bayanta tana barci.

Na dawo Kano na ajiye kyamarar wata biyu. Daga baya na zaro littafin daga ƙarƙashin gado, na kai wa mai wankin nan, na ce ya karanta mini kamar yadda ake yi wa yaro. Shekara guda ina zuwa wurinsa duk ranar da Alhaji ba ya gari. Da na bar tuƙi na buɗe ɗan shagona a Tudun Wada, da 'yar ƙaramar kyamara na fara.

Shekara ashirin da wani abu bayan nan wata budurwa ta shigo shagon, ta ce malamar makaranta ce a nan unguwar, kawunta, ƙanin abokina kuku, shi ne ya kwatanta mata ni. Ta zaro firam ɗin daga jaka. Ba rigima ta zo yi ba.

Ta ce, "Baba, an ce kai ne ka fi kowa zama da shi. Mama ta rasu, kawu kuma sai ya ce baƙi ne dogo, shi ke nan. Yaya kamanninsa suke?"

Na buɗe baki. Na tuna muryarsa, na tuna tarinsa, na tuna yadda yake riƙe wuƙa. Fuskar ce ta ƙi zuwa. Sai na ce, "Goshinki nasa ne, da yadda kike dariya." Ta taɓa goshinta, ta yi murna, ta tafi. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa mata.

To samari, ga amsarku. Ku sayi kyamarar da za ku iya sarrafawa ba tare da kun tsaya tunani ba, ko da abokai za su yi muku dariya. Kafin ku saya, ku gwada ta a cikin ɗaki mai duhu, ba a ƙofar shago da rana tsaka ba, don a can kowace ma gwana ce. Mu fatarmu baƙa ce, tufafin fitarmu farare, na'ura kuma farin take bi, saboda haka a fuska ake auna haske, ba a riga ba. In taga ko rana tana bayan mutum, ku juya shi. In ba zai juyu ba, ku matsa kusa har fuskar ta cika gilashi, ku auna a nan, sannan ku ja baya, ko ku kunna filasha ko da rana ce. Masu waya, ku taɓa fuskar da yatsa, ku ƙara hasken har ido ya fito. Furanni su ƙone, ba komai. Ku ɗauka sau uku, ku duba nan take, ku nuna wa mai shi tun yana zaune.

Ni yanzu na tsufa, na ɗauki fuskokin da ba zan iya ƙirgawa ba, wasu ma ban san sunansu ba amma in na gan su a hanya zan gane su. Shi kuwa da muka yi shekara bakwai bango ɗaya, in na rufe ido ina neman sa, tagar ce take zuwa.